Amsar Tana Asibiti

Tun da makanikin unguwarsu ya shigo shagon ɗinkinta, bazawarar ta san yau akwai magana. Mutumin da kullum yake cikin baƙin mai, sai ga shi da farar riga, turare kamar an yi ɓarinsa. Ya zauna yana haki, ya kalle ta, ya kalli keken ɗinki.

"Hajiya, girma dai ya zo, zaman kaɗaici kuma..."

Ta sunkuyar da kai kamar yarinya. Sai idonta ya faɗa kan hannunsa, yana murza ƙirji yana matsa kafaɗar hagu. Ga fanka a kansa, amma gumi sai tsiyaya yake.

"Malam, me ke damun ƙirjinka?"

"Olsa ce kawai. Kamar an ɗora mini injin mota, amma zai wuce. Ina cewa, in za ki aure ni..."

"Olsa! Haka marigayi mijina ya ce, ya sha maganin ciki ya kwanta, bai tashi ba. Ku maza gara ku mutu da a ce kun gaza!"

Ta leƙa waje ta ƙwala wa mai tasi kira.

"Ba ni amsa tukuna."

"Amsar tana asibiti. Na yi takaba sau ɗaya, ba zan soma ta biyu tun ba a ɗaura ba."

A mota ta kama wuyan hannunsa. Ya yi murmushi da ƙyar.

"Wannan riƙon fa, Hajiya?"

"Bugun jini nake dubawa, kada ka ruɗi kanka."

Har likita ya karɓe shi ba ta saki hannun ba.