Fuskar Gwaggo

"Goge kwalliyar nan," in ji maigidana, yana feƙe fensir. "Kuma ban da murmushi."

Na goge, na zauna bakin taga kamar kullum. Ni ke rubuta labaran soyayya na manyan mata, shi yake mayar da su zane. Tun ina amarya, fuskata yake ba kowace jaruma.

Kwanakin baya masu karatu suka fara ƙorafi, wai labarin ya yi lami. Sai na ƙirƙiro Gwaggo, tsohuwa 'yar baƙin ciki, mai raba masoya don ita ba wanda ya taɓa sonta.

Ranar da babin ya hau intanet, yabo har ya yi yawa. "Yanzu kuka yi labari!" Wata kuma ta ce, "Ina mai zanen ya samo wannan mummunar fuska?"

Na buɗe ina dariya. Jarumar ta fito da fuskar ƙanwata. Gwaggo kuwa, ga wushiryata, ga tabon goshina.

Na juyo na dube shi. Ya yi maza ya jawo takarda.

"Yawwa, tsaya haka," ya ce. "Wannan kallon nake nema."