Allon Dakta a Gonar Toranke

Ɗari shida da goma sha huɗu. Dakta Muhyiddeen ya sake leƙa lambar a wayarsa yana layin shan mai a Gaya, kamar mai tsoron ta ragu kafin ya isa gida. Sau adadin nan masana suka ambaci maƙalarsa a rubuce-rubucensu. Ita ta sa ake ba shi kujerar gaba a taro, ita kuma ya ɗora a saman takardunsa na neman zama farfesa.

Abin da ya gano ba shi da wuyar faɗa: in aka haɗa tokar karan gero da 'yar kanwa bisa wani ma'auni, gajiyayyar ƙasa za ta farfaɗo ba tare da taki ba. Damina uku ya yi yana gwadawa a gonarsu ta gado a Toranke. Ya raba ta biyu. Gefen bakin hanya ya zuba masa haɗin, ya kafa allo mai ɗauke da sunansa. Gefen baya ya bar shi haka nan don kwatance. Duk shekara mai allo sai ya ninka ɗan'uwansa dami.

Sai ga wasiƙa daga mujallar da ta buga aikin. Wani ya auna ƙasar gonar, ya ce ya ga alamar kashin shanu, a gefen allo kaɗai. An ba Dakta mako biyu ya kawo hujja, ko a janye maƙalar. In aka janye ta, farfesanci ya bi ruwa, suna ma ya bi shi.

Ba a ambaci mai ƙorafin ba, kuma ba sai an ambata ba. Shekara goma sha ɗaya suna ofis ɗaya da Dakta Sagiru, kwano ɗaya suke ci. Shi da kansa ya kai Sagiru Toranke bikin suna bara, har ya ga mutumin yana cusa ƙasa a leda, ya ɗauka sha'awa ce. Sagirun da duk rubuce-rubucensa ba a ambace su sau hamsin ba!

Da ya tare shi, Sagiru bai musa ba.

"Ka je gida ka yi tambaya kafin ka zage ni," kawai ya ce.

Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Gida kuwa ai can hujjarsa take. Yayansa Ɗanladi, wanda ya bar makaranta ya riƙe noma don ƙanen ya yi karatu, shi ke tsaron gonar. Muhyiddeen yana Kano yana koyarwa duk rani, sai ruwan fari ya sauka yake zuwa, ya tarar an yi sharar gona tas, an juye ƙasa, ba abin da ya rage masa sai zuba haɗi da ɗaukar hoto. Mutum irin Ɗanladi ba ya barin ko akuya ta ratsa.

Ya wuce Ajingi bayan azahar, takardar shaida a aljihu. A bakin Toranke wani dattijon Bafulatani ya ɗaga masa sanda daga cikin garkensa.

"Dakta, muna godiya. Allah ya bar zumunci."

Ya ɗaga hannu ya wuce. Ya saba da godiyar mutanen da bai sani ba, haka ɗaukaka take.

Ya sami Ɗanladi a gindin allon, yana goge shi da hularsa. Fentin sabo ne, Yaya ke sabunta shi kowace shekara. Bayan gaisuwa Muhyiddeen ya zayyana masa komai: amana, kwano ɗaya, baƙin ciki. Sannan ya karanta takardar a hankali, ya fassara: gonar nan ba ta taɓa ganin taki ba, dabba ba ta taɓa kwana a cikinta ba.

"Nan za ka sa hannu, Yaya."

Ɗanladi ya karɓi biron, ya juya shi, bai rubuta ba. Ya dubi ƙanensa da irin murmushin wanda ya daɗe yana ɓoye alheri, yau asirinsa ya tonu.

"Ka san ba na shaidar zur, Dakta. Shekarar da ka zo da tokarka, har a masallaci ana yi mana dariya. Filin nan sunanka ke kai, a bakin hanya, kowa na gani. Ni ina raye a ce gonar ƙanena ta ji kunya? Tun ranin farko na roƙi Arɗo mai garken bakin gari, duk rani shanunsa kwana arba'in suke yi a gindin allon nan."