Minti Shida Kafin Ta Buɗe

Minti shida laftof ɗin Akawu take yi kafin ta buɗe. Ya auna da agogonsa ba sau ɗaya ba. A cikin minti shidan nan direbobi suke cika bakin taga suna jiran takardar fitar da kaya, wani na ƙwanƙwasa gilashi da makullin mota, wani na tambaya ko Akawu ya cika ne a kan kujera ba a sani ba.

Shekara goma sha ɗaya yana aiki a kamfanin jigilar kaya, ba a taɓa ɗaga masa murya ba. A wata huɗun nan ya karɓi takardar gargaɗi biyu. Manaja bai ɓoye masa ba: ta uku ita ce ta sallama, kuma akwai mai zafin hannu da zai hau kujerar a ranar. Abin ya ci wa Akawu rai, don laftof ɗin tasa ce, bara ya saye ta sabuwa fil.

Teburin mai zafin hannun yana jikin nasa. Injiniya ake ce masa, ko da yake ko ƙofar ajin injiniyanci bai taɓa leƙawa ba, taɓe-taɓen na'ura kawai ya iya. Akawu ne ya kawo shi kamfanin, kwano ɗaya suke ci da rana. In laftof ta yi gardama shi ake miƙa wa, har gida ya taɓa kai ta ya wanke mata bairos kyauta. Tasa tsohuwa ce mai fasasshen murfi, amma gudu take kamar an biyo ta.

"Yaya, furosesa ce ta gaji," in ji shi. "Kada ka bari kowa ya buɗe maka ita, ɓata lokaci ne. Ka shiga babbar kasuwa ka yi musaya da mai ƙarfi, ka huta."

Ranar Asabar da safe Akawu ya rungumi jakarsa. Ganin cunkoson hanyar kasuwa, sai ya ratse shagon gyara da ke bayan kamfani. Mai gyaran dattijo ne marar fara'a. Kantarsa cike da kayan mutane, kowanne ya manna masa farin tef ya rubuta sunan mai shi, ko caja ce ba ya ƙyalewa.

Ya saurari Akawu, ya ce hanya biyu ce. Ko dai musaya da mai furosesa mai sauri, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ko a bar ta a canja mata rumbun ajiya, wanda suke kira had disk.

"Aikinka buɗe fayil ne da rufewa, Malam. In rumbu na rarrafe, ko wace ƙwaƙwalwa ka sa jira za ta yi."

Akawu ya shiga lissafi. Shawarar aboki daban, ta baƙo daban, ga Litinin na zuwa da direbobinta. Kunyar saɓa wa Injiniya ta kusa mayar da shi hanyar kasuwa. Abin da ya tsayar da shi ƙarami ne: yatsunsa sun saba da maɓallan wannan, ba shi da ranakun koyon wata na'urar.

"A canja rumbun," ya ce.

Mai gyara ya kifa ta, ya sa sukuddireba. Noti biyu sun fita ba gardama, kawunansu duk a goge. Ya ɗaga murfin, ya tsuke baki.

"Irin wannan da rumbu mai gudu take zuwa daga kamfani. Wa ya cire ya sa mata wannan tsohon?"

"Ba a taɓa buɗe ta ba," in ji Akawu, har da ɗan fushi.

Dattijon bai ja da shi ba. Ya zaro rumbun, ya juya shi, ya gyara zaman tabarau.

"Ashe ma ya taɓa zuwa hannuna. Ga rubutuna."

Ya tura masa a kan kanta. A jikin farin tef ɗin da ya fara yin ja, da baƙin biro, an rubuta Injiniya.