Gaisuwa Maki Goma

Tun da mutum-mutumi suka karɓe zuwa aike a Gumel, gasar yara masu ƙera su ta sake doka: gudu maki biyu, ɗaukar kaya uku, gaisuwa kuwa goma cif. Shi ya sa aka ɗauko Goggo Dije, tsohuwar da ba a taɓa ƙure ta a gaisuwa ba, aka ba ta alƙalanci.

Mutum-mutumi na farko ya ce mata "ina kwana" da la'asar sakaliya. Ta kore shi, fili ya kwashe da dariya.

Sai na Balaraba, 'yar aji uku, ya gangaro ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Goggo, ina wuni? Ina gajiya? Yaya ƙafar, da sauƙi?"

"Kai, madalla! Wannan ɗan gidan mutunci ne." Ta cika masa gomansa, har da sa albarka.

Da Balaraba ta zo karɓar kofi, Goggo ta kamo hannunta. "Sannu da ƙoƙari, jikata. Yaya mutan gida?"

Yarinyar ta yi murmushi, ta waiwaya ta dubi mutum-mutuminta, tana jira ya amsa.