Reshen Ararrabi

Bazarar farko ce bayan an yanke mana Zamfara daga Sakkwato. Da la'asar Baba ya hau da mu dutsen bayan garinmu, can wajen Zurmi, ni da ƙanwata Saratu, zai sassaƙo ɓawon magani. Ni ke riƙe da gatari, sai taƙama nake.

Ya tsaya gindin wani icce da ba ganye ko ɗaya, fatarsa na saɓulewa kamar tsohuwar takarda.

Ya ce, "Mi kunka gani?"

Na yi caraf na ce, "Matacce ne, Baba. In sare wa Inna ta hura wuta?"

Saratu ta sa farce ta kankare jikinsa. Sai ga kore shar a ciki, ga ɗigon ƙaro mai ƙamshin turaren wuta.

Ta ce, "Barci yake yi."

Baba ya ce ararrabi ke nan. A kan dutse yake, inda ruwa ba ya zama, shi ya sa yake zubar da ganye da rani, ya yi tsimin ɗan abin da ya sha. Ya karɓi gatarin daga hannuna, ya saro reshe, ya miƙa mata ta dasa a gida.

Ya ce, "Ɗiyar nan ita ta ɗauko idona."

Ni gatarin aka mayar mini.

Reshen ya kama, yau ya wuce katanga. Duk sanda na je gida, a inuwarsa ake shimfiɗa mini tabarma. Sai in ja ta gefe, in ce rana nake so.