Darasin Safiyar Talata da Nirmala Ta Ajiye

Nirmala Thapa ta zo Winnipeg daga Nepal karatun haɗa magunguna. Burinta ɗaya ne: ta gama, a ba ta izinin aiki na bayan karatu, ta zauna. Amma tun saukarta kanta a ɗaure yake kan awa nawa doka ta yarda ɗalibin waje ya yi aiki a mako.

A garin nan kuwa duk wanda ka tambaya lauya ne. Abokiyar ɗakinta ta ce an ƙara awannin. A zauren WhatsApp, mutum goma amsa goma sha ɗaya. Sai ta nufi Bishal, ɗan garinsu da ya riga ta zuwa da shekara uku.

"Yaya, ko in je ofishin ɗaliban waje in tambaya?"

"Ki kai kanki da ƙafarki?" in ji shi, bakinsa cike da shinkafa. "Ƙanwata, kina shiga za su buɗe miki fayil. Ke dai kar ki wuce awa ashirin a mako, shi ke nan."

Ta riƙe ashirin gam. Ko minti goma mai gidan burodin da take aiki ya roƙe ta, ba ta ƙarawa.

A zango na uku, wani darasi ya faɗo safiyar Talata, daidai lokacin aikinta. Ta shiga shafin makaranta ta cire shi, da niyyar ɗauka daga baya. Wani jan rubutu ya fito. Ta karanta sau biyu ba ta gane ba, ta tura wa Bishal hotonsa.

"Kowa haka yake yi masa. Danna ki wuce."

Ta danna.

Bayan shekara ta gama da sakamako mai kyau, har wani kantin magani ya yi mata alkawarin aiki. Sai amsar neman izininta ta iso: an ƙi. Ranar ce ta fara taka ofishin ɗaliban wajen nan, da takardar a hannunta.

Misis Friesen, mai ba ɗalibai shawara, ta daɗe tana duba kwamfuta.

"'Yata, da kika cire darasin nan, kin tashi daga ɗaliba mai cikakken karatu. Izinin aikinki a kan wannan yake rataye. Wata huɗun wancan zangon, aikin da kika yi ya saɓa ƙa'ida."

"Amma ban taɓa wuce ashirin ba."

"Na gani. Ba awannin ba ne matsalar."

"To mene ne? Ai na ɗauki darasin daga baya, na ci."

Misis Friesen ta sake bayani a hankali. Nirmala tana gyaɗa kai, amma har ta fito ba ta gane yadda darasi ɗaya ya cinye mata shekara biyu ba. Ta kira Bishal tana kuka.

"To, mu dai a lokacinmu ba haka ba ne," ya ce.

Kantin ya ɗauki wata ma'aikaciyar daban. Kafin wata ya ƙare ta haɗa kayanta ta koma garinsu Pokhara, kuma har yau abin yana ba duk wanda ya ji labarin takaici.

Ɗan'uwa mai karatu a waje, daɗewar mutum a gari ba sanin doka ba ne. Kafin ka cire darasi ko ka karɓi aiki, je ka tambayi waɗanda aikinsu ke nan.