Ɗumin Bakin Direba

Da gindin bindiga 'yan fashi suka fasa wa direban motar kifi baki, suka ƙwace wayarsa, suka wurga shi cikin firjin motar, kan kwalayen kifi, suka datse ƙofar.

Sanyi ya fara cin ƙashinsa. Ya lalubo 'yar na'urar da ke sanar da maigidansa in firji ya yi ɗumi, ya cusa ta cikin bakinsa mai zubar jini don ta ji ɗumi. Maigida ba ya ɗaga kiran direba, amma in saƙon na'urar nan ya yi ƙara a wayarsa, ko yana wanka sai ya fito.

Kafin la'asar aka ɓalle ƙofar.

"Ranka ya daɗe," in ji direban, yana miƙa hannu.

Maigida ya tsallake shi, ya danna kifi da yatsa.

"Alhamdu lillahi, bai narke ba."